Yadda za ka karanta labarin gidan attajirin Holan, da yadda za ku yi musu a kansa ba tare da kun ɓata ba

Mu shida ne muka karanta littafi ɗaya a cikin wata guda, ƙagaggen labari ne na tarihi a kan gidan wani attajirin ɗan kasuwa a birnin Amstadam na ƙasar Holan, can cikin shekarun 1600, kuma wallahi ranar da muka zauna hira a kai sai ka rantse littattafai shida daban-daban muka karanta. Yayata ta ce ita tun da ta buɗe ba ta iya ajiyewa ba sai da ta ga ƙarshensa. Wani abokina malamin makaranta ya ce shi a shafi na 80 ya rufe, wai babu abin da ke faruwa sai hawa bene da saukowa da rufe ƙofa a hankali. Wata ta ce yarinyar cikin labarin 'yar yau ce kawai aka sa wa tsofaffin kaya. Wani kuma ƙarshen ne ya ɓata masa rai, har yana cewa an ci masa lokaci. Ni na so littafin ƙwarai, amma akwai wuraren da na ji haushin wanda ya rubuta, kuma zan faɗe su.

Sunan littafin ba shi ne damuwata ba, don irinsa suna da yawa kuma kusan duk inda aka karanta su haka ra'ayi yake rabuwa. Abin da na lura shi ne yawancin rigimar tamu ta taso ne daga abin da kowa ya shiga littafin da shi, wani ya shiga neman soyayya, wani neman a warware masa wani sirri, wani neman darasin tarihi. To ga yadda nake ganin ya kamata a tunkari irin wannan littafi, tun kafin a buɗe shi har zuwa ranar da za a zauna musu.

Kafin ka karanta shafi ko ɗaya, ɓata minti goma ka san daga ina kuɗin gidan nan yake fitowa. Wannan shi ne abin da ya fi komai, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Holan ta wancan lokacin ƙaramar ƙasa ce da ta yi shekara 80 tana yaƙi da Sifaniya, daga 1568 har aka yi sulhu a 1648, kuma ana cikin yaƙin ne ta zama uwar kasuwancin Turai. A 1602 aka kafa kamfanin da suke kira VOC, mai fataucin gabashin duniya, da jarin da ya haura gilda miliyan 6, gilda ita ce kuɗinsu, kuma mutane suka sayi hannun jari a ciki har da masu ƙaramin ƙarfi. Kar ka ɗauka kamfani ne irin na sayar da kaya kawai, gwamnati ta ba shi ikon gina ganuwa, ɗaukar sojoji, yin yaƙi da ƙulla yarjejeniya da sarakuna. Mutum 17 ne ke juya shi. Hedikwatarsa ta gabas tana Batabiya, wato Jakarta ta yau a Indonesiya, wadda suka kafa a 1619, kuma jirgin ruwa yakan yi kamar wata takwas kafin ya isa can daga Holan. Abin da suke kwasowa masoro ne da kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi, daga baya yadi da shayi da tangaran.

Ka riƙe wata takwas ɗin nan a ranka. Idan maigida ya zuba dukiyarsa a jirgi, ya fi shekara bai san ko ya ci riba ko kayan suna ƙarƙashin teku ba, kuma duk tsawon lokacin nan dole ya ci gaba da sa baƙar riga mai tsada yana zuwa kasuwar hannun jari yana murmushi. Birnin ya buɗe bankinsa na musayar kuɗi a 1609, ginin kasuwar hada-hadar ya fara aiki a 1611, kuma kusan komai a kan bashi da amana yake tafiya. Mutumin da aka fara raɗe-raɗin cewa gidansa akwai matsala, washegari masu binsa bashi za su yi layi a ƙofa. Akwai ma ofis na musamman a birnin da ke lissafa kayan wanda ya karye, kujera da cokali da zanin gado, a yi gwanjonsu. Ko Rembrandt, babban mai zanen nan, a 1656 haka aka shiga gidansa aka rubuta komai. To idan ka san wannan, shirun da ake yi a gidan cikin labarin zai daina ba ka haushi, za ka gane rufin asiri a wurinsu jari ne, idan ya tone an talauce.

Wani ƙarin bayani da zai taimake ka, kayan ƙamshin nan su suka yi suna amma ba su ne ƙashin bayan arzikin birnin ba. Hatsi da katako da ake ɗaukowa daga tekun Baltik, musamman tashar Danzig wadda yau take ƙasar Polan, su 'yan Holan da kansu suke kira uwar fatauci. Don haka idan ka ga wani tsoho a labarin yana raina masu rawar kai a kan kayan gabas, ba ƙauyanci ba ne, irin tsohon kuɗi ne yake kallon sabon kuɗi.

Sai sunaye, su ma suna korar mutane tun a babin farko. Ɗauki takarda da biro ka rubuta sunan kowa da matsayinsa a gidan, kar ka ji kunyar yin haka. Harafin j a wurinsu kamar y yake, Jan ana cewa Yan. Inda ka ga oe ka karanta u. Harafin g daga maƙogwaro yake fita kamar na Larabci. Sunan da ya ƙare da zoon yana nufin ɗan wane, wanda ya ƙare da dochter 'yar wane, shi kuma van yawanci daga wuri kaza yake nufi. Da ka kama wannan an wuce wurin, ba sai ka iya furtawa daidai ba tunda ba jarrabawa za ka zauna ba.

Gidan ma ka zana shi a kanka. Gidajen bakin hanyoyin ruwan Amstadam tsukakku ne ta fuska, dogaye zuwa sama, masu zurfi zuwa baya, an kafa su a kan turakun katako da aka buga cikin taɓo don ƙasar ba ta da ƙarfi, babban zauren birnin da aka buɗe a 1655 ma a kan turaku 13,659 yake tsaye. Kicin yana ƙasa, falon baƙi yana gaba inda mai wucewa zai iya leƙowa ta manyan tagogi, ɗakin lissafin maigida yana ciki, can sama kuma sito ne inda ake ajiye haja, da wani katako da ya leƙo waje mai ƙugiya da ake jawo kaya da igiya don matakalar ta yi ƙunci. Wato gida da shago da sito duk abu ɗaya ne. An fara haƙa manyan hanyoyin ruwan nan uku a 1613, Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, kuma na farkon shi ne na manyan masu kuɗi, don haka idan marubuci ya gaya maka a wane layi gidan yake to ya gaya maka matsayinsu ke nan ba tare da ya faɗa ba. Birnin da mutanensa ba su wuce dubu 30 ba wajen 1570 ya kai kusan dubu 200 cikin shekara ɗari, baƙi ta ko'ina, kowa yana sa ido a kan kowa.

Yanzu maganar da abokina ya yi, cewa littafin yana jan ƙafa. Na yi ta tunani a kai kuma ina ganin a nan bai yi wa littafin adalci ba, duk da na fahimce shi. Irin wannan labarin ba a waje ake yin yaƙinsa ba, a kan makulli ake yi. Dabarar da na ba shi, kuma nake ba kowa, ita ce ka bi makullan gidan da idonka. Wa ke riƙe da makullin kabad ɗin zannuwa, wa ke riƙe da na sito, wa ya isa ya shiga ɗakin lissafi ba sallama, wa ke zama kusa da murhu lokacin sanyi wa kuma ake bari da ɗan akwatin garwashi a ƙarƙashin ƙafa. Duk ranar da makulli ya bar hannun wata ya koma hannun wata to an yi juyin mulki a gidan, ko da babu wanda ya ɗaga murya. Haka abinci, idan gidan da ke da dukiya ana cin busasshen burodi da kifin gishiri kullum, ka tambayi kanka wa ya yanke wannan hukuncin kuma me yake tsoro. Da abokin nawa ya koma ya karanta da wannan idon, ya dawo ya ce min ashe tun shafi na 30 aka fara faɗan shi bai gani ba. Bai ce littafin ya zama gwaninsa ba fa, amma ya kai ƙarshe.

Ka ba shi kashi ɗaya cikin uku kafin ka yanke hukunci. Idan ka kai nan kana bin makullai kana bin kuɗi kuma har yanzu ba ka damu da ko mutum ɗaya a gidan ba, ajiye shi, babu laifi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Addini ma sai ka san yadda yake a can, in ba haka ba za ka ga kamar mutanen munafukai ne kawai. A 1578 Amstadam ta koma hannun 'yan Furotesta masu bin koyarwar malamin addinin Kirista nan Kalbin, aka karɓe manyan coci-coci daga 'yan Katolika, su kuma suka koma ibada a ɓoye cikin gidaje, har yanzu akwai wata coci da aka gina a saman benen wani ɗan kasuwa a shekarun 1660 ana zuwa kallonta. Hukuma ta san da su, tana kau da kai muddin ba a yi a fili ba. Yahudawan da suka gudo daga Fotugal da Sifaniya sun sami wurin zama har suka buɗe babban wurin ibadarsu a 1675. To ka ga gari ne da ya iya kau da kai, amma da sharaɗin kar abu ya fito fili. Fastoci kuma kullum wa'azinsu a kan almubazzaranci da girman kai, ga mutanen da ke zaune a sahun gaba su ne suka fi kowa dukiya a Turai. Dattawan coci suna iya kiran mutum su tuhume shi a kan abin da maƙwabta suka ji, su hana shi cin jibin coci, wato abincin ibada da masu bi ke ci tare, kuma wannan abin kunya ne da ke taɓa kasuwarsa. Shi ya sa za ka ga mace ta sa baƙaƙen kaya kamar mai takaba alhali rinin baƙin nan yana cikin masu tsada, ciki kuma an yi masa shafi da gashin dabba mai laushi. Wanda yake jin tsoron Allah da gaske kuma yake son dukiya da gaske, duka biyun a zuciya ɗaya, shi ne mutumin da waɗannan littattafai suke ƙoƙarin nunawa, kuma ni a nan na fi jin tausayinsu.

A nan zan ɗan tsaya in ce, irin littattafan nan sukan taɓo abubuwan da ba kowa ne zai so ya karanta ba, shan giya, cikin shege, mu'amalar da dokar garin a lokacin take hukuntawa da kisa. Idan za ka ba ƙaramin yaro ko ƙanwarka, fara karantawa da kanka. Kuma idan wani a cikinku ya ce shi saboda wannan ya ajiye, kar a matsa masa, dalilinsa ne kuma ya isa.

To sai babbar maganar, wadda muka fi daɗewa a kanta, cewa yarinyar ta cika wayewa, tana fita ita kaɗai, tana yi wa maza gardama a kan kuɗi, tana tunani kamar 'yar jami'a. Wannan ƙorafin sai an raba shi biyu, don rabinsa kuskure ne rabinsa gaskiya.

Rabin kuskuren shi ne ɗaukar cewa duk macen da ta rayu shekara 350 da suka wuce ba ta san komai ba sai kicin. Matan Holan na lokacin sun sha bamban da na maƙwabtansu, har baƙin da suka ziyarci ƙasar daga Ingila da Faransa suna rubuta mamakinsu a kan yadda mata ke tsare shago suna riƙe littafin lissafi suna yawo a titi ba rakiya. Dalilin a fili yake, maza dubbai suna teku, wasu shekaru, da yawa ba su dawo ba sam, wa zai riƙe gida da kasuwa? A dokar lardin Holan, wato lardin da Amstadam take ciki, 'ya mace tana gado daidai da ɗa namiji. Matar aure tana ƙarƙashin waliccin mijinta a gaban shari'a, wannan gaskiya ne, amma akwai matsayin da doka ta sani na mace 'yar kasuwa wadda ke saye da sayarwa da sunanta, kuma wadda mijinta ya mutu tana iya ci gaba da juya kasuwancinsa gaba ɗaya. Karatu ma ya yaɗu a cikinsu fiye da yawancin Turai saboda ana so kowa ya karanta Baibul da kansa. Don haka idan ka ga mace a labarin ta buɗe littafin lissafi ta gano inda aka yi asara, ko ta je ta yi ciniki da dillali, wannan bai saɓa wa tarihi ba ko kaɗan.

Rabin gaskiyar kuma yana cikin zuciyarta ne. Inda nake rabuwa da marubutan nan shi ne idan yarinyar da aka rene ta a cocin Kalbin tun tana goye ta ci karo da abin da aka koya mata cewa zunubi ne babba, sai a shafi biyu ta haɗiye ta wuce kamar ba komai, ba ta yi kuka ba, ba ta ji tsoron wuta ba, ba ta kwana tana juyi ba. Wannan kam ƙarya ce, kuma mai karatu yana jin ta a jikinsa ko bai san tarihi ba. Marubucin yana so mu so ta, sai ya cire mata duk ra'ayin zamaninta da zai iya ɓata mana rai, ya bar wa miyagun labarin su kaɗai. Ga gwajin da nake yi, kai ma gwada: nemo wuri ɗaya a littafin inda jarumar ta yi imani da wani abu da kai yau kake ganin kuskure ne, kuma marubucin ya bar ta da shi bai gyara mata ba. Idan ka samu, marubucin ya yi aikinsa. Idan ka duba daga farko har ƙarshe duk ra'ayinta irin naka ne, to wadda ta ce an sa wa 'yar yau tsofaffin kaya ta yi gaskiya, a ba ta.

Akwai kuma abin da ban yarda a wuce shi da sauri ba, sukari. Idan ka ga dunƙulen sukari mai tsini a kan tebur ko a sito a cikin labarin, tsaya. Amstadam cike take da matatun sukari a lokacin, kuma raken ba a Holan ake noma shi ba. A 1621 aka kafa kamfani na biyu, na yamma, wanda ya ƙwace wani yanki na Birazil daga 1630 zuwa 1654, ya karɓe ganuwar Elmina da ke gaɓar Gana ta yau daga hannun 'yan Fotugal a 1637, sannan Surinam da ke Kudancin Amurka ta shiga hannun Holan a 1667. Ta waɗannan hanyoyin jiragen Holan suka kwashi 'yan Afirka kimanin dubu 600 zuwa ƙetaren Atlantika a matsayin bayi, kuma ba a soke bautar a Surinam ba sai 1 ga Yuli 1863. A gabas ma haka, a 1621 gwamnan VOC na gabas Jan Pieterszoon Coen ya afka wa tsibiran Banda da ke Indonesiya ta yau don kamfani ya mallake gyaɗar ƙamshi shi kaɗai, mutanen wurin kusan dubu 15 aka kashe mafi yawansu ko aka bautar ko suka gudu. Wannan shi ne abin da ke ƙarƙashin tsaftataccen daɓen gidan da 'yar aiki take gogewa kullum.

Saboda haka ka lura da yadda littafin ya yi da wannan. Akwai baƙaƙen fata da suka zauna a Amstadam a lokacin, wasu ma'aikatan jirgi wasu barorin gida, suna da 'yar unguwarsu kusa da inda Rembrandt ya zauna, shi ma ya zana wasu maza biyu 'yan Afirka a 1661, kuma a dokar birnin ba a yarda da bauta a cikin garin ba duk da cewa 'yan garin ne ke cin ribarta a waje. To idan akwai ɗan Afirka a gidan cikin labarin, wannan ba ƙari ba ne. Tambayar ita ce an ba shi baki ya yi magana da tunaninsa da abin da yake so, ko an ajiye shi ne kamar kayan ado don a nuna maigida mutumin kirki ne? A zamanmu wannan ne wurin da na fi zafi, don na ga an kawo mutum an ɗora masa nauyin labari mai yawa amma ba a taɓa barinmu mun shiga zuciyarsa ba ko sau ɗaya. 'Yan Holan da kansu suna wannan muhawarar, a 2019 gidan tarihin birnin Amstadam ya daina kiran ƙarnin da sunan zamanin zinariya, a Disamba 2022 firaminista Mark Rutte ya nemi gafara a kan bautar, sarki Willem-Alexander ma ya nema a 1 ga Yuli 2023. Don haka wanda ya ɗaga maganar a zamanku ba fita daga batu ya yi ba.

Wani abu mai sauƙi da ke ƙara daɗin karatun, ɗauki waya ka nemi zanen Pieter de Hooch da na Vermeer a intanet, ka kalli tsakar gidajen nan, daɓe mai fari da baƙi, haske yana shigowa ta taga ɗaya, mace tana karanta wasiƙa, ƙofa a buɗe tana nuna wata ƙofar. Yawancin marubutan daga nan suka ɗauko ɗakunansu. Ka nemi kuma hoton ƙaramin gidan nan na cikin kabad na Petronella Oortman da ke gidan tarihi na Rijksmuseum, matar wani ɗan kasuwar siliki ce, ta fara haɗa shi wajen 1686, an lulluɓe kabad ɗin da ƙoƙon kunkuru, kowane ɗaki da 'yan kujerunsa da tangaran da zannuwa na gaske, kuma ana cewa abin da ta kashe a kai ya isa sayen gida na gaske a bakin ruwa. Ba wasan yara ba ne, manyan mata ne ke yi don nuna wa baƙi. Ka haɗa wannan da cewa lebura a lokacin kusan gilda ɗaya yake samu a wuni, sai duk wani adadin kuɗi da aka ambata a littafin ya fara yi maka ma'ana, idan an ce gilda dubu 3 ka san aikin shekara goma ne na talaka.

Ƙarshen labari kuma, a nan ina tare da masu ƙorafi fiye da rabi. Akwai bambanci tsakanin marubucin da ya bar ƙofa a buɗe da gangan da wanda ya manta ya rufe. Yadda za ka gane, koma baya ka duba alƙawarin da littafin ya yi maka. Idan tun farko an yi ta jan hankalinka da wani abin mamaki, wasiƙu marasa suna ko wani da ya san abin da bai kamata ya sani ba, aka yi ta maimaitawa babi bayan babi har ka zauna kana jiran amsa, sannan aka rufe littafi ba a ce komai ba, to an ci bashinka ba a biya ba kuma kana da haƙƙin jin haushi. Amma idan abin da ya dame ka shi ne ba a yi aure ba, ko mugu bai wulaƙanta ba, ko wanda kake so ya mutu, wannan ba laifin rubutu ba ne, gidajen attajirai da yawa haka suka watse, musamman bayan 1672 shekarar da 'yan Holan ke kira shekarar bala'i, lokacin da Faransa da Ingila suka far musu tare kasuwa ta faɗi warwas.

Ranar zaman musun kuwa, ga abin da ya yi mana aiki bayan mun yi zaman farko da ya tashi ba daɗi. Kafin a fara kowa ya faɗi inda ya tsaya, don kar a tona wa wanda bai gama ba, kuma wanda ya ajiye a tsakiya shi ma a ba shi dama ya faɗi shafin da ya gaji, sau da yawa shi ne yake nuna ainihin inda littafin ya yi rauni. Sannan duk wanda ya kawo ƙorafi a tambaye shi wane iri ne, cewa yake wannan bai faru a tarihi ba, ko cewa yake marubucin bai iya tsara shi ba, ko kuwa shi dai bai ji daɗinsa ba ne. Na farko ana iya dubawa a gane, na biyu sai ya buɗe littafi ya karanto mana wurin, na uku kuma ba a musu a kai, a ce masa to madalla a wuce. Yawancin faɗanmu na farko ya faru ne don mutum yana nufin na uku amma yana faɗinsa da muryar na farko, yana cewa ai mata ba sa haka a da, alhali abin da ke ransa shi ne yarinyar ba ta kwanta masa ba.

Kar kuma wanda ya fi sanin tarihi ya mamaye zaman, na faɗi wannan don na san yadda abin yake da daɗi idan ka fara jero shekaru. Yayata ba ta san komai a kan VOC ba lokacin da ta karanta, amma ita ta fara gano cewa 'yar aikin gidan ta san duk sirrin tun farko, daga yadda take ajiye kwano kawai, mu masu shekarun ba mu gani ba. Idan zaman ya zo ƙarshe ku buɗe babin farko wani ya karanta shi da ƙarfi kowa yana ji, shafi uku ko huɗu sun isa, ku ga abubuwa nawa aka ajiye a wurin waɗanda ba wanda ya lura da su a karon farko. Mu da muka yi haka sai da muka ƙara awa ɗaya a zaune, kuma wanda ya ce an ci masa lokaci shi ya karɓi littafin ya tafi da shi gida.